Makullin da ke Aljihun Rigar Surukin Yaya

Sallama gare ku masu bin labarin nan. Na ga abin da kuka rubuto a ƙarƙashin kashin da ya wuce. Wata ta ce in daina kewaye-kewaye in faɗa ko ina son Malama Sa'ida ko ba na so. Ina so. Shi ke nan, na faɗa. Wani kuma ya ce ni mutumin kirki ne tunda na ɗauki kurma aiki. Kai da ka rubuta haka, karanta na yau har ƙarshe tukuna, sannan ka sake shawara.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Ɗantani, shekarata hamsin ba ɗaya, a Koki aka haife ni, sana'ata bugu. In an wanke shadda ko babbar riga an sa mata sitaci, sai a kawo mana. Mu yayyafa ruwa, mu ninke, mu ɗora a kan gungume, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna kowa da mabuginsa, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, har ta yi ƙyallin da dutsen guga ba zai taɓa ba ta ba. Shagon na mahaifinmu ne. Yanzu yayana Aminu ne babba, shi ke zama a bakin ƙofa yana karɓar kaya, ni ne a kan gungume shekara talatin da ɗoriya. Matata ta rasu shekara huɗu ke nan, 'ya'yana mata biyu suna ɗakin mazajensu. Ni kaɗai ne a sashena, ni da rediyo da tukunyar shayi.

Malama Sa'ida kuwa a makarantar kurame take koyarwa. Aikinta shi ne in ɗalibai sun gama, ta bi shaguna tana nema musu wajen koyon sana'a na wata uku. In wata ukun ya cika akwai fom. Gurbi biyu ne a jikinsa: ko mai shago ya sa hannu ya riƙe mutum, ko ya sa hannu a kan bai dace ba. Ranar da ta fara zuwa mana, hijabi ne ruwan toka a jikinta har gwiwa, atamfa mai zanen ganye, tabarau, da wata baƙar jaka da takardu suka cika har zif ɗin ba ya rufuwa. Shago goma sha ɗaya suka ƙi ta kafin mu. A bayanta wani dogon saurayi ne a tsaye, Modu, shekara ashirin da biyu, cikin 'yan Barnon nan da suka daɗe a Goron Dutse. Sanƙarau ne ya tafi da jinsa yana ɗan shekara biyar.

Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malama, bugu fa da kunne ake yin sa. Bebe me zai yi a nan?"

Ta ce, "Kurma ne, Alhaji, ba bebe ba. Kuma sunansa Modu."

"To, Modu me zai yi a nan?"

"Abin da kuka koya masa."

Maganar Yaya tana da tushe. In riga lafiya take, mabugi dim yake cewa. In akwai wani abu mai tauri a cikin ninkin, maɓalli ko tsinke ko kwabo, sai ka ji ƙas, kuma a wannan ƙas ɗin dole ka tsaya, in ba haka ba abin zai ci rigar ninki bayan ninki. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ba ya ba kowa mabugi sai ya gwada shi. Zai juya baya ya ɓoye kwabo a cikin tsumma, ya ninke, ya ce buga. In ka sauke sau uku a kan kwabon ba ka tsaya ba, ka koma ninki da yayyafi shekara guda. Tun da ya rasu ba a ƙara yin gwajin ba.

Duk da haka na ce a bar yaron. Kuma ba don Allah na yi ba, kada in yi muku ƙarya. Ta ce duk Alhamis za ta riƙa zuwa duba shi, shi ya sa. Sannan akwai wani abu. Matar nan in za ta yi maka magana sai ta fuskance ka sosai, ba ta sunkuyar da kai, ba ta rufe baki da gefen hijabi, kowace kalma tana fita da siffarta. Zama da kurame ne ya koya mata. Ita ce mutum ta farko a cikin shekara uku da na kama duk abin da ta faɗa ban ce "na'am?" ko sau ɗaya ba.

To, ga shi nan na zo inda nake gudu. Kunnena yana tafiya.

Da wani zuu ya fara, kamar ƙudan zuma sun tare a kaina. Daga baya na daina jin kiran sallar asuba, alhali masallacin a bayan katangarmu yake, sai na koma sa waya a ƙarƙashin matashi tana girgiza ni. A masallaci kusa da lasifika nake tsayawa. Rediyona maƙwabta sun gaji da shi. In an kira ni ta baya ban waiwaya ba, sai a ce Ɗantani ai ka san halinsa, girman kai da taurin rai. Na bar su a haka. Gara a ce min mai girman kai da a ce min kurma. Mai bugun da ba ya ji, a wajenmu, ya gama.

Modu ya fara da yayyafi da ninki. Bayan sati uku na ba shi mabugi don in ga gudun ruwansa. Sai na lura ba mabugina yake kallo ba, kafaɗata yake kallo, kafin in ɗaga ya san zan ɗaga. Takalmi yake cirewa ya dafa gindin gungumen da tafin ƙafa. Riƙonsa kuma sako-sako ne, ba irin nawa na shaƙe wuya ba. Ba mu taɓa karo ba ko sau ɗaya, alhali akwai masu kunne biyu lafiyayyu da suka fasa min ɗan yatsa a shagon nan.

Hirarmu a waya muke yin ta. Ya rubuta ya miƙo min, in karanta a hankali don ni boko a aji uku na tsaya, in rubuta in miƙa masa. Wata rana ya rubuto: "Baba kana bugu kamar rigar ta zage ka." Na rubuta masa: "Yi aikinka." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ma suna ya raɗa min da hannu. Malama ce ta tona, wata Alhamis tana zaune a benci da kofin shayin da na aika aka karɓo mata.

"Malam Ɗantani, ka san sunanka a wajen Modu?"

"Ina da wani suna ne bayan nawa?"

Ta ɗora yatsa ɗaya tsakanin girarta ta tamke fuska. Duk shagon aka kwashe da dariya, har Yaya. Ni ban yi ba, amma a ranar, da na koma gida, sai da na tsaya gaban madubi na duba wajen.

Daga nan muka fara 'yar gaisuwa a waya ni da ita. Matsalar, saƙon murya take turowa. Sai in shiga ɗaki in rufe ƙofa, in danna wayar a bayan kunne, in saurara sau biyar in tsinci rabi. Amsata kullum ɗaya ce: to madalla. Har ta taɓa ce min, "Kai komai madalla ne a wajenka? Ko na ce maka adaidaita ta watsar da ni, madalla?" Na ce ni ba mai yawan magana ba ne. Ta ce ta lura.

Ranar Litinin ɗin da ta wuce, saura kwana uku wata ukun Modu ya cika, aka kawo rigar Alhaji Mustafa. Shi ne mahaifin Aminat, matar Yaya. Tsohuwar babbar riga ce ta saƙi, aikin hannu, da adon aska takwas a ƙirji, ta mahaifinsa ce ya gada, ba ya fito da ita sai ranar da ta isa. Juma'a za a ɗaura auren jikarsa, ita zai sa. Yaya da kansa ya miƙo min ita da hannu biyu ya ce, "Kai za ka yi ta, kada ka ba kowa."

Ni na yayyafa, ni na ninke. Na shafa aljihu sama-sama ban ji komai ba. Ashe akwai ɗan makullin akwati, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, sitaci ya manne shi a can kusurwar ɗinki. Lokacin sauran ma'aikata sun fita cin abinci, Yaya yana waje ya ba mu baya yana magana da mai kaya. Daga ni sai Modu a kan gungume.

Muka fara. Can sai na ga ya tsaya cak, mabugi a sama, ya ɗaga hannun hagu. Na ɗauka gajiya ce. Na harare shi, na yi masa nuni da haɓa ya ci gaba, na sauke nawa. Na ƙara. Na ƙara. Ya yi ta kaɗa hannu a gaban fuskata, ni kuwa haushi ya kama ni, wai yaron wata uku zai tsayar da ni. Sai da na sauke shida ko bakwai sannan ya yi kasada ya cafke wuyan hannuna, abin da in da na kuskure da yatsunsa sun tafi.

Na buɗe ninkin. Huda ce a jere, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɓera ya kwana a ciki, har tsakiyar askar. Kuma a gefena take, ba a gefensa ba, ga ɗan makullin ya leƙo ta ciki.

Yaya ya shigo ya gani. Ya ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi! Ban faɗa ba? Tun ranar farko ban faɗa ba? An kawo mana wanda ko aradu ba ya ji an ɗora a kan rigar mutane! Da wane ido zan kalli Alhaji?"

Ma'aikata suka dawo suka kewaye mu, kowa da abin da yake cewa. Modu yana bin bakunansu da ido, ya gane da shi ake. Ya zaro waya ya rubuta da sauri, ya miƙa wa Yaya. Yaya ya ture ta ko kallo bai yi ba. Sai ya miƙo min.

"Baba ka faɗa musu na tsaya."

Na karanta. Sau biyu ma na karanta. Sannan na kawar da kai na hau ninke rigar kamar akwai sauran abin da za a ninke.

Wannan shi ne mutumin kirkin naku.

Ya tsaya yana kallona na ɗan lokaci. Ya jingine mabugin a inda ya saba, ya sa takalminsa, ya fita.

Da yamma Yaya ya kira ni zaurensa. Daga ciki ana jiyo kukan Aminat, ko in ce shi yake jiyowa, ni fuskarsa ce ta gaya min. Ya matso kusa, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba yi min don a zatonsa ina share shi ne.

"Matar nan ce ta juya maka kai. Da girmanka da furfurarka, 'yar boko ta zo da jaka ta sa ka mai da shagon Baba makarantar nakasassu. In aure kake so ka faɗa a nemo maka a dangi, ba a rasa ba. Alhamis in ta zo, bai dace ba za a sa wa hannu. Ka ji ni?"

Na ce na ji.

Talata Modu bai zo ba. Wajen azahar wayata ta girgiza a aljihu. Shi ne.

"Baba na san ba ka ji. Tun satin farko na sani. Baki kake kallo kamar ni."

Kafin in gama haɗa wannan wani saƙon ya shigo.

"Ban faɗa wa kowa ba. Malama ma ban faɗa mata ba. Ba zan faɗa ba."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na zauna a kan gungumen da wayar a hannu har wani ma'aikaci ya taɓa ni ya ce an tayar da salla.

Ku da kuke karantawa za ku ce ai abu ne mai sauƙi, tashi ka faɗi gaskiya. A waya komai mai sauƙi ne. Ni abin da nake gani shi ne a ɗauke ni daga kan gungume a mayar da ni yayyafin ruwa kamar sabon shiga. Yaran layi su riƙa bina a baya suna magana don su gwada ni. Sannan ita. Ba na so in tashi daga namijin da take shan shayinsa in koma takarda a cikin baƙar jakar nan, wani da za a nema wa taimako.

Laraba bayan la'asar na hau mashin na tafi Goron Dutse. Gidan ƙasa ne a wani lungu, zauren an share shi tas, ƙamshin turaren wuta ya kama ko'ina. Modu yana zaune a tabarma yana taya wani dattijo ɗora huluna a kan katako. Ya gan ni ya miƙe ya gyara min waje, bai ɓata fuska ba, bai kuma yi murmushi ba. Mahaifiyarsa, Ya Falmata, ta tsaya a bakin ƙofar ciki da lafaya, ta aiko min da ruwa a kofin silba. Na matsa yadda zan ga bakinta.

Ta ce, "Malam, mun gode da abin da aka yi mana. Wata uku ba kwana uku ba ne. Dama mutane sun gaya min kada in sa rai, duk wanda ya gama makarantar nan gida yake dawowa ya zauna. Ni ce dai na ga yana tashi tun asuba yana wanka, yana dawowa hannu duk kanta yana nuna min, sai na fara gaya wa 'yan'uwa Modu ya samu sana'a. Laifina ne da na yi saurin baki. A yafe masa ɓarnar da ya yi."

Ashe ko ita bai gaya wa ba.

Na ajiye kofin ruwan. Na ce, "Ya Falmata, gobe Modu ya zo shago da safe."

"A yi me kuma, Malam?"

"Ya zo dai."

Alhamis ƙarfe goma ta iso. Baƙin hijabi ta sa, ba ko ɗan kwalli, fuskarta ta faɗa. Yaya ya riga ya kira ta ya gaya mata komai. Ba ta zauna a bencinta ba, shayin da na sa aka kawo ko kallonsa ba ta yi ba. Modu yana bayanta kamar ranar farko.

Ta ce, "Alhaji, ban zo jayayya ba. Na ba da haƙuri a kan rigar. A sa min hannu kawai in san inda zan nufa da shi. Masu ɗinkin jaka na can layin ma da suka ce in kawo musu biyu baɗi, jiya sun kira sun ce a dakata."

Ta zaro fom ta ɗora a kan teburin Yaya. Ya ciro biro daga aljihu.

Na ce, "Yaya, a yi masa gwajin Baba."

"Wane gwaji kuma? Riga ba ta gwada shi ba?"

"Ba a taɓa korar mutum a shagon nan ba a yi masa ba. Makullin yana wajenka. A sa shi."

Ya yi tsaki, amma sunan Baba ba abin da yake tsallakewa ba ne. Ya ɗauko wani tsohon zanin gado da muke goge gungume da shi, ya juya baya, ya ninke, ya shimfiɗa. Malama ta yi wa Modu bayani da hannu. Ya dube ni. Ya cire takalmi ya zauna.

Ya fara daga gefe yana tafiya. Wajen tsakiya ya sauke sau ɗaya ya tsaya. Ya ɗora yatsa a wajen. Yaya ya buɗe, ga makulli a ƙarƙashin yatsan.

"Sa'a ce," in ji Yaya.

Ya sake ninkewa, wannan karon ninki mai kauri, ya kai makullin can ƙarshe. Modu ya bi har ƙarshen, ya sauke ɗaya, ya tsaya, ya ɗora yatsa. Ma'aikata suka fara kallon juna.

Na ce, "Saura ni."

Yaya ya yi dariya. "Kai kuma? Shekara talatin? Ɗantani, ba wasa muka zo yi ba."

"Ninke, Yaya."

Modu ya girgiza min kai, yana nufin kada in yi. Na ɗora yatsa tsakanin girata na tamke masa fuska. Na karɓi wajen na zauna.

Wallahi ban yi da wasa ba. Na kasa kunne da duk abin da ya rage min, ina roƙon Allah a zuciyata ko sau ɗaya in ji ƙas ɗin nan. Hannuna kuwa kanta ta kashe shi tuntuni, ga riƙon shaƙe wuya, ba abin da yake gaya min. Na bi zanin daga wannan gefe zuwa wancan, na dawo. Zuu kawai nake ji. Da na ɗaga kai na ga ba mai motsi a shagon. Wani ma'aikaci ya toshe baki da hannu.

Yaya ya buɗe. Huda biyar.

Na ce, "Rigar Alhaji ni na huda ta. Yaron nan ya tsaya tun bugun farko, ya ɗaga min hannu, na ƙi. Ya nuna min a rubuce in faɗa muku, na yi shiru. Ba na ji, Yaya. Kunnena ya tafi."

Yaya ya nemi benci ya zauna. Ya daɗe yana juya makullin a hannu.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Shekara uku." Ya dube ni. "Ranar sunan ɗan Jamila, da na yi ta kiranka a gaban surukai ka wuce ba ka waiwayo ba?"

Jamila 'yarsa ce ta fari. Na ce, "Ban san ka kira ba."

"Ni kuwa tun ranar nake riƙe da kai. Na ce ƙanina ya raina ni." Ya goge ido da hannun riga, ya yi kamar gumi ne. "Baba ma a ƙarshe haka yake bin bakinmu da kallo. Mu muna cewa tsufa ne. Kai dai sakarai ne, wallahi. Babban sakarai."

Na ce na yarda. Na ce kuma dokar Baba na san ta, wanda ya faɗi ya koma ninki shekara guda. Na ɗauki mabugina, wanda Baba ya ba ni, ƙotarsa har ta yi ramin yatsuna, na miƙa wa Modu.

Bai karɓa ba. Ya tura min shi ƙirji, ya zaro waya ya rubuta, ya ba Malama ta karanta wa kowa.

"Baba ya zauna a wajensa. Ni ban iya fitar da ƙyalli kamar shi ba tukuna. In na ɗaga hannu ya tsaya. Shi ke nan."

Yaya ya ce, "Kurma biyu a gungume ɗaya? Wa zai kawo mana kaya?"

Malama ta ce, "Duk wanda ba ya so a huda masa riga, Alhaji."

Wani ma'aikaci ya fashe da dariya, Yaya ya harare shi. Sannan ya jawo fom ɗin, ya tambaye ta wane gurbi ne na riƙewa, ta nuna masa, ya sa hannu. Ya miƙa wa Modu hannu suka gaisa, abin da bai taɓa yi ba cikin wata uku. Ya juyo kaina.

"Rigar kuma kai za ka kai wa Alhaji da ƙafarka, ka faɗa masa da bakinka."

Na kai. Abin da tsohon nan ya gaya min ba zan rubuta ba, kuma a ranar na gode wa Allah da rabi kawai na ji. Da wata rigar ya je ɗaurin auren.

Amma ita fa? Ta sa fom a jaka, ta yi wa Modu wata magana da hannu, ta yi wa Yaya sallama. Ni ko kallo ban samu ba. Shayin nan haka ya huce a kan benci. Na ce a raina shi ke nan, Ɗantani, ka ci amanar ɗalibinta kwana uku, me kake jira?

Bayan la'asar ina zaune a tsakar gida waya ta girgiza. Rubutu ne, ba murya ba.

"Abin da ka yi wa Modu ranar Litinin ban yafe ba tukuna. Duk watannin nan kana ce min madalla. Daga yau ba zan ƙara turo maka murya ba."

A ƙarƙashinsa ga ɗan bidiyo. Fuskarta ba ta fito sosai ba, hannuwanta ne, da lalle a yatsu, da atamfar nan mai zanen ganye. Abu uku ta yi. Na farko na gane shi, yatsa tsakanin gira, ni ke nan. Na biyu da na uku ban san ko mene ne ba. Na kalla ya fi sau ashirin.

Juma'a da safe kafin kowa ya zo na tare Modu a bakin gungume na nuna masa. Ya kalla, ya rubuta: "Na biyu Asabar ne. Akwai ajin da take koya wa iyaye maganar hannu a makaranta, ƙarfe goma. Kuma mai gwada kunne yana zuwa ranar."

Na rubuta: "Na ukun fa?"

Ya sake kalla. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"Wannan ba aikina ba ne Baba. Ka je ka koya."

Na ce ni ne maigidanka. Ya rubuta cewa Alhaji Aminu ne ya sa hannu a fom, ba ni ba.

Tun jiya nake tsaye gaban madubi ina kwaikwayon abin da hannu, ban san ko zagina nake yi ba ko wani abin. Farar shaddata da ban sa ba tun rasuwar matata na fito da ita, muka buge ta ni da Modu, shi a can ni a nan, idona a kan hannunsa na hagu. Bai ɗaga ba ko sau ɗaya. Tana rataye yanzu a jikin ƙofa, Asabar ɗin gobe ce.

Aljihun kuwa, sau biyu na zura hannu na lalube shi har kusurwa.